Kunnen Waisake

Kwana arba'in da binne Waisake, Semesa bai daina zuba shayi kofi biyu ba. Ba ruɗewa ya yi ba, hannu ne ya saba. Shekara hamsin da 'yan kai, kullum da hantsi sai Waisake ya hauro daga bakin teku da gizago a kafaɗa, ya tsaya a bakin rumfar sassaƙa ya ce, "Bawana, har yau ba ka mutu ba?" Shi kuma Semesa ya ce, "Jira nake ka riga ni ka share mini wuri." To, ga shi ya riga shi ɗin. Yanzu kofi na biyu sai ya huce, tsoho ya watsa wa kaji.

Su biyun taubasai ne. Uwar Waisake ƙanwar uban Semesa ce, kuma a wurinmu tsakanin irin waɗannan babu kunya, zagi ma gaisuwa ne. Daga baya Waisake ya auri Unaisi, ƙanwar Semesa uwa ɗaya uba ɗaya, sai dangantaka ta ƙara ƙulluwa. Amma abin da ya fi haɗa su shi ne vesi.

Vesi itace ne mai taurin kai. Bai damu da ƙasa mai laushi ba. Cikin farin dutsen nan mai kaifi na bayan gari yake tsira, ya cusa saiwa cikin tsaga, ya yi shekarun mutum guda kafin ya isa a ɗaga kai a dube shi. Gara kan ɗanɗana ta haƙura. Da shi kakanninmu suka yi jirage da ginshiƙan ɗaki, da shi ake sassaƙa babban akushi mai ƙafafu wanda ake dama yangona, abin shanmu na dakakkiyar saiwa, a ciki ranar taro. Aibinsa ɗaya ne: sai ka ga bishiya tsaye lafiya lau, ganye shar, alhali cikinta kogo ne. Ka yi kwanaki kana sara, ta faɗi, ka tarar da ɓawo da tururuwa. Shi ya sa ba a saran vesi sai an tambaye ta, kuma tambayar aikin mutum biyu ce. Ɗaya ya buga ƙeyar gatari sau uku a gindi, ɗayan ya rungume ta ta ɗaya gefen, ya manna kunne a jikinta ya saurara. Mai cikakkiyar zuciya amsarta daban, mai kogo amsarta daban.

Semesa shi ne hannu, Waisake shi ne kunne. Tun yana saurayi nutso ya ɓata wa Semesa ji, da tsufa ya zo kuwa sai ya ƙarasa abin da ya rage. Waisake kuma, ragon maza ne a wurin sara, gaskiya ɗaya ce, amma bai taɓa kuskuren bishiya ba. In ya ce a sara, Semesa ba ya ƙara tambaya.

Kuma ya sara. Kai, ya sara! Shekarun da jirgin ruwa yake zuwa daga Suva, babban birni, yana kwashe akusa kamar ba gobe, babu wanda ya kai Semesa zafin hannu. Tudu bayan tudu ya bi, yana gaba gatarinsa na gaba da shi, har aka wayi gari dajin da a da rana ba ta taɓa ƙasarsa ya koma ƙaya da kututtura. Babbar bishiya guda ɗaya ta rage a tsibirin nan, can kan Tudun Jemagu, wadda maza uku ba sa haɗa hannu a gindinta. Ita kuwa abin da ya cece ta shi ne kogo.

Shekara talatin ke nan da suka fara tambayarta. Semesa ya buga, Waisake ya manna kunne ya daɗe, sannan ya tofar da yawu ya ce, "Wofi. Cikinta kamar kanka."

"Ƙara ji dai. Dube ta fa, ganye har ƙasa."

"Kai ma ai ga gashi a kanka. An ce akwai wani abu a ciki ne?"

Tun daga ranar ya zame musu al'ada. Kowace shekara idan vesi ta yi fure, sai su ɗauki dafaffen rogo da busasshen kifi su hau tudun, wai ko ta warke. Semesa ya buga, Waisake ya saurara. Wata shekara ya ce kogon ya ƙaru, yanzu mutum zai iya kwana a ciki da matarsa. Wata shekara ya ce yana jin ɓeraye na taron coci. Su zauna a tsakanin manyan saiwoyinta su ci rogonsu, jemagu na reto a sama, su yi ta musu har rana ta karkata. A 'yan shekarun baya, da Semesa ya tsufa ya fara duban dajin da idon nadama, yakan shafa jikinta ya ce, "Da a ce ke lafiyayya ce, ni da kaina zan yi gadinki da adda." A nan sai dai Waisake ya miƙa masa ƙashin kifi ya ce ga rabonsa.

Ran nan da safe, kwana na arba'in da ɗaya, mai gari Ilaitia ya zo rumfar. Yaro ne a wurin Semesa, shekararsa hamsin, kuma cikin maza shida da suka rage a ƙauyen shi ne mai sauran ƙarfi. Sauran duk Suva ta haɗiye su, har da 'ya'yan Semesa uku, waɗanda tun rasuwar uwarsu sai dai gaisuwa ta bakin matuƙin jirgi. Ilaitia ya durƙusa a bakin rumfa ya ɗaga murya.

"Kawu, an tashi lafiya?"

"Me kake raɗa? Matso nan."

"Na ce batun kwana ɗari ne! Na Kawu Waisake! Dangi za su zo daga tsibirai uku a cire baƙin kaya. Babban akushin gari kuwa ka san ya tsage tun bara. Shi ne na ce ko mu aika ƙauyen ƙetare a aro mana nasu."

Semesa ya ajiye kofi. "A aro?"

"Kwana ɗaya ne kawai, Kawu."

"Garin masassaƙa, ranar tuna masassaƙi, a dama yangona a akushin aro? Na mutanen ƙetare, waɗanda in suka sassaƙa ludayi sai an tambaya ko takalmi ne? Ilaitia, ashe haka kuka lalace?"

"To Kawu, da me za a yi sabo? Ina itacen? Ai kai ka san inda ya tafi."

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Ilaitia ya sunkuyar da kai, ya tafa hannu a hankali alamar neman gafara. Semesa bai yi fushi ba. Gaskiya ce, kuma ko kurma yakan ji irinta. Ya ce, "Kada ka aika ko'ina tukuna."

Lissafinsa mai sauƙi ne. Bishiya mai kogo matacciya ce a tsaye, yau ko gobe guguwa za ta kayar da ita, don haka saranta ba ɓarna ba ce. Kuma duk girman kogo, irin wannan gindi ba zai rasa kaurin gefe da zai fitar da akushi ɗaya ba. Waisake ya yi shekara talatin yana zagin bishiyar nan. To, bari ta yi masa amfani sau ɗaya.

Washegari ya wasa gatari, ya ƙulle rogo a ganye, ya bi ta gaban gidan Unaisi, don hanyar tudu ta nan ta ratsa. A wurinmu ɗan'uwa da 'yar'uwa, da zarar sun balaga, nauyi kan shiga tsakaninsu. Ba sa zama kan tabarma ɗaya, ba sa haɗa ido, ba sa hira kai tsaye. Shekara arba'in da biyar duk maganar da ke tsakanin Semesa da ƙanwarsa ta bakin Waisake take bi, ko da kuwa su ukun suna ɗaki ɗaya. Ta ce, "Gaya wa Yaya abinci ya sauka." Waisake ya juya ya ce, "Kai mayunwaci, an ce ka zo ka cinye mana gida." Yanzu babu mai isarwa. Kullum Semesa kan rataye mata kifi a ƙofa ya yi gyaran murya, ita kuma daga ciki ta motsa kwano don ya san ta ji, ko da yake motsin kwanon ma ba ya jinsa. Ran nan ya ɗan dakata a ƙofar. Yana so ya ce, zan hau tudu in yi wa mijinki akushi. Ya duba hagu da dama ko da wanda zai ba saƙon, babu kowa sai wata akuya. Ya rataye kifin ya wuce.

Hawan ya ba shi wuya. Dutsen tudun yana cin tafin ƙafa, kuma hanyar da suka saba sharewa su biyu duk ta toshe. Da ya isa, vesi na nan yadda suka bar ta, inuwarta mai sanyi, ƙasa cike da busassun kwasfa da 'ya'yanta masu faɗi kamar maɓallin kwat. Ya zauna ya huta a tsakanin saiwoyi, a wurinsa na kullum, ya bar wurin Waisake. Sannan ya ajiye guntun saiwar yangona a gindinta ya tafa sau uku, ya nemi izinin masu wurin na ɓoye yadda ubansa ya koya masa. Ya ɗaga ƙeyar gatari zai buga, sai ya tuna babu mai saurare. Ya juya kaifin.

Yinin farko ya tafi wajen ɗaura dandamalin sanduna sama da saiwoyin, da ratsa ɓawo da farin naman waje. Rana ta biyu gatari ya shiga ja. Sassaƙen da ke tashi jajaye ne masu nauyi, da ɗigon rawaya a jiki, suna ƙanshin nan da ya yi shekaru bai shaƙa ba. Daɗi ya kama shi har ya fara magana shi kaɗai.

"Ka gani ko, bawana? Gefenta ma ya fi duk abin da ka taɓa sassaƙawa. Ka ce wofi. Wofin ya yi maka rana."

Ya saurara, don a nan ne Waisake zai ce wani abu game da kakarsa. Sai ya ci gaba da sara.

Tsoho mai shekara saba'in da huɗu ba ya sara kamar da. Sara ashirin, hutu. Tafin hannunsa ya fashe, ya naɗe da tsumma. Kullum da yamma ya gangaro, ya dafa abin da zai ci, da safe ya koma. Ba wanda ya tambaye shi ina yake zuwa, don an saba ganinsa shi kaɗai, kuma tudun yana bayan iska, ƙarar gatari ba ta saukowa gari. Rana ta uku ya buɗe baki ta gefen da yake so ta faɗi, ya zurfafa shi tsawon kamu guda. Bai tarar da kogo ba. Ya ce a ransa, madalla, gefen ya fi yadda na zata kauri, akushi zai yi zurfi. Rana ta huɗu ya koma ta baya ya fara wani bakin. Rana ta biyar gatarin yana ta dawo masa da ƙarfi cikin kafaɗa, irin dawowar da ya sani sarai, irin ta itace mai ƙoshi. Wani abu ya taɓa masa zuciya, ya kore shi. Kunnen Waisake bai taɓa kuskure ba. In ya ce akwai kogo, akwai kogo, sai dai a ƙara gaba kaɗan.

Rana ta shida da hantsi ya tsaya ya share gumi, ya zura ƙotar gatari cikin bakin gaba ya auna, ya zagaya ya auna na baya, ya haɗa da faɗin gindin da ya sani kamar tafin hannunsa. Ya sake aunawa. Abin da ya rage tsakanin bakunan biyu bai fi taƙi biyu ba. Ya durƙusa ya leƙa ciki, ya shafa da yatsa. Ja wur, santsi, babu ko ramin ƙwaro. Ya riga ya ratsa tsakiyarta tun jiya bai sani ba.

Ya sauko daga dandamalin ya zauna a ƙasa. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Ta cikin dutsen da yake zaune yana jin bishiyar tana ɗan motsi duk lokacin da iska ta taɓa kanta, motsin da bishiya mai ƙafa biyu a ƙasa ba ta yi.

Inuwar mutum ce ta sa ya ɗaga kai. Unaisi ce, cikin baƙaƙen kayan takaba, ba takalmi, ƙafafunta duk jini. Ran nan iska ta juya, ta kai ƙarar gatari har tsakar gidanta, kuma a duk tsibirin ita kaɗai ta san me wannan ƙara ke nufi daga wannan tudu. Matar da ba ta taka ƙofar gida ba tun ranar jana'iza, ita ce ta hauro dutse da gudun tsohuwa. Ta dubi bakin saran, ta dubi tarin jajayen sassaƙe, ta ɗora hannu a ka.

Ta juya masa baya yadda ya kamata, ta fuskanci wurin da babu kowa a tsakanin saiwoyi. Yana ganin kafaɗunta na motsi, ya san magana take, amma ba ya jin ko kalma. Ya ce da iska, "A gaya mata ba na ji."

Sai ta yi abin da ba ta yi ba tun suna yara masu wasan ƙasa: ta matso har numfashinta na taɓa kuncinsa, ta kai baki kunnensa ta ɗaga murya. Duk da haka ba da shi ta yi maganar ba.

"Waisake! Gaya wa Yaya abin da ka yi! Gaya masa da bakinka!" Ta nuna bishiyar. "Gaya masa ranar farko da ka dawo daga tudun nan ka kasa cin abinci. Ka ce ba ka taɓa jin bishiya mai amsa irin tata ba. Ka ce ita ce uwar da ta rage, duk 'yan tsiron da ke cikin dutsen nan nata ne, kuma in ka faɗi gaskiya Yaya ba zai bari ta kwana uku ba."

Semesa ya ce a hankali, "A tambaye shi, da na tsufa fa? Ai ya ji abin da nake faɗa mata duk shekara."

"Na gaya masa! Na ce hannun Yaya ya huce, ka faɗa masa. Ya ce baɗi. Baɗi ta zo ya ce baɗi. Ya ce in ya faɗa, to me zai riƙa kai ku tudu? Wai shekara talatin yana yi wa kurma wayo, ba zai ɓata wasan da hannunsa ba." Ta share ido da gefen zane. "Ranar da jikinsa ya yi tsanani ya ce in tuna masa in ka shigo. Ka shigo, kuka ɓata lokacin kuna gardamar wanda ya fi wani munin ƙafa. Ni kuma ina bayan labule, ta yaya zan sa baki?"

"Bayan nan fa? Kwana arba'in ina zuwa ƙofa."

Wannan karon ba ta nemi kowa a tsakani ba. Ta ce, "Da wa zan aiko, Yaya?"

Shi ma tambayar da ya yi wa akuya ke nan. Da na sani ƙeya ce. Ya tashi ya zagaya bishiyar yana dubawa, ko akwai dabara, ko a cusa duwatsu a bakin, ko a tokare ta da sanduna, ko a shafe da laka. Ya fi kowa sanin babu. Vesi da aka ratsa zuciyarta ba ta komawa. In an bar ta haka, iska ta farko mai ƙarfi za ta murɗe ta, ta tsage ta tun daga gindi har sama, ta faɗi inda ta ga dama, a rasa bishiya a rasa itace. Abin da ya rage mata a duniya shi ne a kayar da ita da kyau.

Ya ce, "Koma bayan wancan dutsen."

Ta koma. Ya hau dandamali, ya gyara tsumman hannunsa. Sarar da ya yi ta kwana shida cikin murna, yanzu ya ƙarasa ta yana sane da kowane bugu. Bai ƙirga ba. Can sai ya ji ƙotar ta yi sako-sako a hannunsa, bakin baya ya fara buɗewa. Ya sauko ya ja da baya. Jemagu suka watse sama baƙi ƙirin. Ta yi jinkiri kamar mai tunani, sannan ta tafi. Bai ji ƙarar ba, sai dai ƙasa ta doke shi a tafin ƙafa har cikin haƙora.

Da ƙura ta lafa, rana ta sauko kan wurin zamansu, tsakanin saiwoyin nan inda ba ta taɓa sauka ba. 'Yan tsiron vesi da ke cikin tsagogin dutse, waɗanda ba su wuce gwiwa ba, suka tsaya tsirara cikin zafi. Unaisi ta fito ta fara tsinko rassa masu ganye tana kafa musu inuwa ɗaya bayan ɗaya, ta juya masa baya.

Semesa ya je ga kututturen. Faɗinsa ya isa mutum ya kwanta, ja tun daga baki har tsakiya, ba tabo ko ɗaya. Akushi goma za su fita daga gungumen nan, irin waɗanda ba a ƙara gani. Ya juya gatarin ya buga ƙeyarsa sau uku. Sannan ya zagaya ɗaya gefen da kansa, ya durƙusa, ya manna kunne a jikin itacen, ko da yake bugun ya riga ya wuce.

"Maƙaryaci," ya ce. "Ɗan bawa, maƙaryaci."

Ya jira yadda ya saba jira. Ya daɗe a durƙushe, kuncinsa a kan itacen mai ɗumi. Da gwiwa ta gaji ya miƙe, ya kwance rogon da ya zo da shi ya raba biyu, ya ajiye rabi a kan dutse kusa da inda Unaisi take aiki, ba tare da ya dube ta ba. Sannan ya ɗauki gatari ya tafi auna gungumen, don saura kwana hamsin da uku baƙi su iso.